Gida Ɗaya, Kujera Ɗaya

Saƙon ya shigo ne ina tsaka da ɗaure wani ɗan mitsitsin sukuru a ƙafar tabarau na wata tsohuwa. A shagon tabarau nake aiki, ni ce mai yanka gilashi da daidaita firam, kuma ba ɗabi'ata ba ce in duba waya alhali mai kaya na zaune tana kallona. Amma wannan ƙarar daban take. Ƙarar Majalisa ce.

Majalisar Tsibiri nake nufi. Tsibiri wasa ne na intanet, ƙasa ce da babu ita a taswira, amma tana da tashar jiragen ruwa da gonaki da baitulmali, da dubban mutanen da ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun gina ƙasar ne kawai, suka bar mana mulkinta. 'Yan wasa ke zaɓen 'yan Majalisa, ɗan Majalisa ya kawo ƙudiri, a yi masa karatun farko, a tura shi kwamiti a yi masa fata-fata, a dawo da shi zaure a kaɗa ƙuri'a. Abin da ya wuce kuwa injin wasan na aiwatar da shi nan take. In muka ƙara harajin kifi da yamma, kafin gari ya waye masunta sun cika dandali da zagi. Komai a rubuce ake yin sa, babu murya, babu hoto, kowa da laƙabinsa. Nawa Allura. Ni ce Kakakin Majalisa, mai riƙe da guduma, wato wani maɓalli da in na danna wa mutum sai bakinsa ya rufe na ɗan lokaci.

Magatakardan Majalisa ne ya turo saƙon.

"Ranki ya daɗe, injin ya gama binciken da sabuwar dokarki ta ce a yi. Cikin waɗanda aka kama har da ke. Ke da Garwashi da intanet ɗin gida ɗaya kuke shiga."

Sukurun ya suɓuce daga yatsuna, ya yi tsalle a kan gilashin kanta, ya ɓace.

"'Yata, lafiya?" in ji tsohuwar. "Kin ƙame kamar an watsa miki ruwan ƙanƙara. Ko gilashin ne ya fashe? Gaya mini gaskiya."

"Lafiya lau, Mama. Gilashinki ƙalau yake."

Na durƙusa ƙarƙashin kanta kamar mai neman sukurun, don kawai kada ta ga fuskata.

Garwashi! Duk faɗin Tsibiri babu sunan da ke ɗaga mini hankali kamar wannan. Shi ne jagoran 'yan adawa. Fiye da shekara guda ke nan yana bin kowane ƙudirina da wuƙa, yana zare masa hanji a gaban jama'a, sannan ya rufe da "Allah ya ƙara wa Kakaki basira," mutane su yi ta dariya. Na danna masa guduma har yatsana ya saba da wurin. Da na ga magoya bayansa na ƙaruwa sai na ƙudurce a raina cewa mutum ɗaya ne ke buɗe asusu da yawa yana zaɓen kansa. Shi ya sa na kawo dokar da muka kira Gida Ɗaya, Kujera Ɗaya. Ta ce in aka samu 'yan Majalisa biyu daga gida guda, a zaman gaba ɗaya ya sauka, ko kuma zaure ya zaɓi wanda zai tsaya, a goge ɗayan daga wasan, shi da duk abin da ya taɓa rubutawa. Har na ƙara wani sashe da ya hana soke dokar a wannan zangon, don kada ya samu hanyar zillewa. Garwashi ya yaƙi ƙudirin kamar wanda za a yanke wa hannu. Ni kuwa ina murna, ina cewa ga shi nan, mai laifi ya tona kansa.

Ashe ramin da na haƙa a tsakar ɗakina yake.

Da na dawo daga aiki ban hau sama ba, kai tsaye na faɗa shagon mai wanki da guga da ke ƙasan benenmu. Na taɓa ba shi lambar sirrin intanet ɗinmu. Duk hanyar da na yi a motar haya ina hango shi ne yana riƙe da dutsen guga a hannu ɗaya, waya a ɗayan, yana ƙare mini tanadi.

"Kai ne Garwashi?" na tambaye shi ko sallama babu.

Ya dubi dutsen gugarsa, ya dube ni. "Anti, ai na daɗe da komawa na lantarki."

"Ba wannan ba! Tsibiri. Majalisa. Kai ne ke zagina duk Asabar?"

"Ni? In zage ki? Anti, ni da ko saƙo aka turo mini sai na nemi mai karanta mini?" Ya ajiye dutsen, ya share zufa da gefen hannu. "In ma maganar intanet ce, tun da kuka canja lambar nan bara ban ƙara samu ba. Nauyin tambaya nake ji. Amma tun da kin tayar da zancen..."

Ban tsaya jin ƙarshen ba. Matakalar benen na riƙa hawa a hankali ina dafa bango, domin lissafin ya rage mutum biyu. Akwai Umma, surukata, wadda wayarta mai maɓallai ce, ko hoto ba ta ɗauka. Sai kuma mijina.

Kowa Injiniya yake kiransa. Mai gyaran lantarki ne, irin waɗanda ke hawa turaku da igiya a ƙugu. Lokacin da yake nemana, mutum ne da in ya shigo gida sai ka rantse mutum biyar ne suka shigo, ga surutu, ga gardama, ga dariyar da ke sa kofuna rawa a kan tire. Zai iya musu da kai a kan launin sararin sama, ya kuma yi nasara. Gardamar nan tasa na fara so kafin in so fuskarsa. Sai wata rana tsani ya zame da shi. Ya dawo daga asibiti a keken guragu, surutun kuma bai biyo shi gida ba. Tun daga nan gidanmu ya zama gidan raɗa. Ni da Umma muna tafiya da tafin ƙafa, muna rufe ƙofa da hannu biyu. Duk abin da ya ce, "to" muke cewa. In ya ce shayin ya yi sanyi a sake, in ya ce rana ta yi yawa a ja labule. Shi kuma kullum yana bakin taga, waya a cinya, amsarsa ba ta wuce "na gode" da "ba komai."

Ranar Asabar da yamma, lokacin zaman Majalisa, a kicin nake ɓuya, in kara ƙofa, in zauna a kan buhun shinkafa ina mulkin ƙasa, zuciyata na yi mini ciwo wai ina jin daɗi shi yana can shi kaɗai.

Na tsaya a barandar da ke gaban kicin da ɗakinmu. Na buɗe wasan, na nemo sunan da ban taɓa tura wa saƙon sirri ba. Na rubuta: "Kana ina?"

Amsar ba ta ɓata lokaci ba.

"Ƙofar a buɗe take, Ya Mai Girma Kakaki."

Ban san yadda aka yi na shiga ba. Yana wurinsa na kullum, bargo a gwiwa, hasken yamma ya raba fuskarsa biyu. Ya ɗago wayar ya nuna mini, kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya, sai dai babu kunya a idonsa.

"Injiniya," na ce. "Kai ne?"

"Ni ne, Amarya."

"Kai ne ka ce ƙudirina na tashar ruwa ko akuya ba za ta ci takardarsa ba?"

"Ai ba za ta ci ba."

Na zauna a bakin gado. Sai abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na danna wa Garwashi guduma sau uku a jere, na ji wani abu ya faɗi a ɗakin nan, na rugo a guje na tarar da kofi a ƙasa, ya ce hannunsa ne ya kuskure. Na share, na ce masa sannu, na koma kicin na ci gaba da ragargazarsa.

"Tun yaushe ka san ni ce?"

"Tun kafin in shiga. Kin bar wayarki a kan gado wata rana. Na ce bari in ga inda matata ke gudu duk Asabar." Ya gyara bargon. "Wallahi da niyyar mara miki baya na shiga. Ranar da na fara magana a zaure, gyara ɗan kaɗan na kawo wa ƙudirinki. Kin tuna abin da kika ce mini?"

Na girgiza kai.

"Kika ce, 'Sabon shiga, koma ka karanta tsarin mulki kafin ka buɗe mana baki.' Amarya, na karanta layin nan har na haddace shi. Tun da na faɗo daga tsanin nan babu wanda ya yi mini tsawa. Babu wanda ya ce mini ƙarya nake yi. Ko na ce dare ne da tsakar rana, ke da Umma cewa za ku yi lallai kam, duhu ya yi. Sai ga wata ta dube ni a matsayin cikakken mutum ta ce in rufe baki. Kuma matata ce." Ya yi wata 'yar dariya. "Ran nan na ci abinci har na nemi ƙari. Kika ce maganin likita ne ya fara aiki."

Hawaye suka zubo mini, na kasa tsayar da su. Na miƙa hannu zan kama nasa.

"Ka ga, shi ke nan. Zan sauka. Ranar Asabar ina shiga zan ce na ajiye kujerar, kai ka tsaya. Ni ina da shago, ina fita, ina ganin mutane. Kai kuwa..."

Ya janye hannunsa kamar na taɓa shi da wuta.

"Ni kuwa me? Ƙarasa."

Na mayar da hannuna kan cinyata.

"Kin ga abin da nake gudu ke nan. Shi ya sa na yaƙi dokar nan kamar mahaukaci, ke kina can kina cewa ɓarawo ne. In kika sauka saboda ni, wallahi a ranar zan goge Garwashi da hannuna. A gida kin mayar da ni ƙwai, ba za ki bi ni har Tsibiri da auduga ba."

"To a soke dokar!"

"Wa ya rubuta sashen da ya hana a soke ta?"

"Ka koma shiga da datar wayarka."

"Injin shigar da aka yi a baya yake dubawa, ba ta gaba ba. Ke kika ce a yi haka. Na kawo gyara, kika danna mini guduma." Ya juya kekensa ya fuskanci taga. "Ki zo zaure da shirinki, Kakaki. Ni da nawa zan zo."

Kwanakin da suka biyo baya a cikin hazo na yi su. Na saka wa wani mutum gilashin dama a hagu, ya fita daga shago yana laluben ƙofa. A gida ina kai masa abinci, ya ce na gode, in ce ba komai, kowa ya san abin da ke cikin wayar ɗan'uwansa. Duk ta inda na juya lissafin, asara ce. In na sauka, na ci masa mutunci. In na kayar da shi, na rushe wuri ɗaya tak da ya rage masa yana tsayawa da ƙafafunsa.

Ranar Asabar zauren ya cika har da 'yan kallo da ba su taɓa leƙowa ba. Tun da maganar ta shafe ni, Magatakarda ne ya karɓi guduma. Ina kan buhun shinkafata, shi yana ɗaki, bango ɗaya tsakaninmu.

Magatakarda ya rubuta: "Doka ta ce a fara tambaya. Allura, Garwashi, mutum ɗaya ne ku ko biyu?"

"Biyu," na amsa. "Mijina ne."

Zauren ya fashe. Saƙonni suka riƙa gudu har ido ba ya iya bin su.

"Innalillahi! Mata da miji?"

"Ashe faɗan cikin gida muke ta rabawa, muna ɓata da abokanmu!"

"Garwashi, kai wa ke dafa maka abinci? Ka riƙa ba kyanwa ta fara ɗanɗanawa!"

"Ni dai a mayar mini da ƙuri'una, sadakin wasu na taya biya ban sani ba."

Sai da Magatakarda ya rufe bakin mutum kusan goma kafin aka natsu. Ya tambaya ko akwai mai sauka. Babu wanda ya amsa. Ya ce to, kowa ya kare kujerarsa, ya ba Garwashi dama.

Na sha jin kaifin harshensa, amma ban taɓa karanta shi da muryar mijina a kunnena ba. Ya ɗauko mulkina tun daga farko ya shimfiɗa shi kamar gawa a kan tebur. Harajin kifin da ya kori masunta. Tashar ruwan da aka gina inda jirgi ba ya zuwa. Ya ce Kakaki mace ce mai kaifin ƙwaƙwalwa da ta kasa bambance mai adawa da ɓarawo, ta ƙera tarko don mutum ɗaya, yau ga gidaje da yawa a ciki, 'yan'uwa da ma'aurata da abokan haya da ba su ci ba ba su sha ba. Bai ce uffan a kan keke ko tsani ba. Ta cikin bango ina jin ƙarar yatsunsa a kan waya, da numfashinsa, irin na mutumin da ke gudu a fili.

Aka ba ni dama.

Babu wanda ya san halin da yake ciki a duk zauren nan sai ni. Layi ɗaya ya isa. Na ma rubuta shi: "Mijina ba shi da lafiya, wannan zauren ne kaɗai abin da ya rage masa." Na san mutanen nan, da na tura, ko 'yan jam'iyyata shi za su zaɓa suna share hawaye. Yatsana ya tsaya a kan maɓallin turawa. Tukunyar da ke kan wuta ta tafasa ta zubo, ban motsa ba.

Na goge layin harafi bayan harafi. Na share fuskata da gefen mayafi, na gyara zama.

"Ya Mai Girma Magatakarda," na rubuta, "mai magana kafina ya iya zance, wannan kowa ya sani. Amma tambayar da ke gaban zaure ɗaya ce: wa ya yaudari Majalisa? Ni sai a makon nan na san wane ne Garwashi. Shi kuwa tun ranar da ya shigo ya san gida ɗaya yake kwana da Kakaki. Ya tsaya zaɓe bai faɗa ba. Ya jagoranci adawa bai faɗa ba. Da ƙudirin nan ya zo, ya yaƙe shi da sunan kare talakawa, alhali wuyansa yake karewa, ya bar ku kuna tafa masa. In dokata tarko ce, shi kaɗai ne a zauren nan ya ga inda bakinta yake, ya yi shiru. Ku tambaye shi ko ƙarya na yi."

Magatakarda ya tambaye shi. Amsarsa ta fito.

"Ba ƙarya ta yi ba."

Aka buɗe ƙuri'a. Na rufe ido ina addu'ar da ni kaina ban san me nake roƙo a cikinta ba. Da na buɗe, sandar ƙuri'un da ke gaban sunana ta ɗan ɗara tasa. Kaɗan ne, amma ta ɗara.

Ban taɓa ganin yadda ake goge mutum ba, duk da ni na rubuta a yi. Sunansa ya fara dusashewa ya koma toka-toka. Sannan jawabansa suka riƙa ɓacewa daga kundin zaure ɗaya bayan ɗaya, har da na yau, har da zancen akuya, aka bar amsoshina kaɗai a tsaye, ina ta faɗa da wanda babu shi. Mutane na turo mini barka. Na kife wayar a kan buhu, na kashe wutar tukunya.

Barandar nan ba ta taɓa yi mini tsawo kamar ran nan ba. Na tura ƙofar da hannu biyu. Yana bakin taga, wayar a ƙasa kusa da tayar keke, kafaɗunsa sun sauka. Zuciyata ta karye. Na ji muryar nan tawa mai laushi ta taso da kanta.

"Sannu, Injiniya. Ka yi haƙu..."

Ya juyo ya dube ni. Idanunsa sun yi ja, kuma abin da na gani a cikinsu roƙo ne, irin na wanda ruwa ke shirin sake rufewa a kansa. Na haɗiye sauran maganar. Na saki ƙofar ta bugu da bango.

"Kai ka kayar da kanka," na ce. "Wa ya aike ka ɓata rabin lokacinka a kan tashar ruwa? Tashar nan ta fara kawo riba, kowa ya sani. Da wannan ka zubar da ƙuri'un 'yan kasuwa."

Ya kafe ni da ido. Sai na ga haɓarsa ta ɗago.

"Riba? Wace riba?" Muryarsa ta fito a dishe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. "Jirgi nawa ya tsaya a can tun da aka gina ta? Faɗa mini!"

"Ka je ka duba rahoton kwamiti."

"Kwamitin da kika cika da 'yan amshin shatanki? Ke, Amarya, ki ji tsoron Allah!" Ya daki hannun kekensa da tafi. "Ba don kin soke ni ta baya ba, da yau kin san ruwa ba..." Ya tsaya ya ja numfashi. "Da yau na tashe ki daga kan kujerar nan, kowa na kallo!"

"Ta baya? A gaban zaure na faɗa, ka kuma amsa da bakinka!"

Umma ta faɗo ɗakin da carbi a hannu, ɗankwali ya zame, ta tsaya tana duban ɗanta da ke ɗaga murya, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Na shiga uku! 'Yar nan, kin haukace ne? Marar lafiya kike yi wa ihu?"

"Umma, don Allah ki bar mu," ya ce, bai ko kalle ta ba. "Ba ta gama ba, ni ma ban fara ba." Ya nuna mini bakin gado da yatsa. "Zauna nan. Ɗauko mini rahoton nan naki, layi-layi za mu bi shi."

Na koma kicin da gudu na ɗauko wayar.